Yadda Ake Sa wa Tsohuwar Mota Ƙirar Tsere Robar Bayan Taya Ba Tare da An Raunata Jikinta Ba

Daga tsaye ba ka ganin komai. Sai ka durƙusa, ka sa tafin hannu ka shafa ƙasan ƙofa tun daga bayan tayar gaba har bakin tayar baya, sannan za ka ji wurin da kaushi kamar bangon da aka watsa wa yashi. Haka na tarar da Marsandin kawuna, Allah ya jiƙansa, ƙirar 280 SL ta 1981 mai ƙofa biyu, lokacin da ta dawo hannuna bayan rasuwarsa. Daga sama fenti yana sheƙi, daga ƙasa kuwa ɗigo-ɗigo ne ba adadi, wasu fari fat inda fentin sama ya ɓalle, wasu har sun fara yin ja. Na ɗauka zafin ranar Sakkwato ne ya ci wurin. Wani dattijo mai gyaran bodi da na kai wa ita ya duƙa, ya kankara da farce, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wanga ba aikin rana na ba, aikin tsakuwa na." Wato motar da kanta take jifan kanta.

Zanen da ke jikin taya yana cafkar ƙananan tsakuwa, ya ɗaga su, ya wurga su baya da ƙarfin gudun da kake yi. Idan mota mai tsayi ce, yawancin tsakuwar ta ƙarƙashinta take wucewa. Amma irin waɗannan motoci, ko Marsandi SL da aka yi ta ƙerawa daga 1971 zuwa 1989, ko Fijo 504 mai ƙofa biyu, ko Datsun 240Z, ko MGB ta Ingila, duk a ƙasa suke, kuma jikinsu yana lanƙwashewa ya shige ciki daga ƙasan ƙofa. Sai gefen taya ya leƙo waje yana fuskantar fenti ba shamaki. Duk inda tsakuwa ta ɓalle fenti, ta buɗe wa ruwa hanya ke nan. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma wanda ya taɓa ratsa Mabera a watan Agusta ya san irin taɓon da mota ke kwasowa. Taɓon nan yakan maƙale a lungu, ya riƙe laima kwana da kwanaki, tsatsa ta samu gindin zama. Da rani ma ba hutu, domin yashin da iska ke tarawa a gefen kwalta, da tsakuwar da manyan motoci ke zubarwa a hanyar Kalambaina, sun isa su goge ƙasan ƙofa cikin 'yan shekaru.

Maganin wannan jifa shi ne robar da ake ratayawa a bayan taya, ta tare tsakuwa da taɓo. Na san akwai masu cewa roba tana rage wa irin wannan mota kyau. Ban ƙi ta tasu gaba ɗaya ba: roba mai faɗi da aka rataya a karkace, mai rubutu da zane irin ta bayan tirela, ba ta dace da ita ba ko kaɗan. Amma ƙarama, baƙa, wadda aka yanka daidai da lanƙwasar fenda, sai mai neman ta ne zai lura da ita. Kuma roba ana cire ta ranar da aka ga dama, fentin kamfani kuwa in ya tafi ya tafi, duk ƙwarewar mai fenti ba zai dawo da shi ba. Sharaɗina ɗaya ne a wannan aiki, kuma a kansa na gina duk abin da zan faɗa: kada garin neman gira a rasa ido. Kada a kare fenti daga tsakuwa sannan a huda ƙarfen da ke ƙarƙashinsa a bar shi ga ruwa.

Ni na ɗanɗana. Karon farko da aka sa wa motar nan roba, na bar ta a wani gareji na tafi uzurina. Da na dawo sun gama, ta yi kyau a ido. Ashe sukurori masu cin ƙarfe suka ɗaura kai tsaye a leɓen fenda, uku kowane gefe, babu fentin rigakafi, babu washa. Damina biyu kacal aka yi, fenti ya kumburo kewaye da kowane sukuru kamar ƙurji. Na ji zafin abin ƙwarai, domin mota ce da Kawu ya riƙe shekara da shekaru ba ta san tsatsa a wurin nan ba. Tun daga ranar nake yin aikin da hannuna.

Wacce za a fara sawa?

Ta gaba. Mutane da yawa ta baya suke fara saye, saboda ita ake gani a manyan motoci. Amma ta baya aikinta kare ƙasan bamba da kuma gilashin wanda ke bin ka. Fentin ƙofa da ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, tayar gaba ce ke cin su. In kuɗinka ko lokacinka na guda biyu ne kawai, sa na gaba, na baya su jira.

Kayan da za ka tanada

Roba ita ce kan gaba. Nemi shimfiɗaɗɗiyar baƙar roba mai kaurin milimita 4, ko tsakanin 3 da 5. Wadda ba ta kai haka ba, iska za ta riƙa ɗaga ta in kana gudu, ta zama ado kawai. Wadda ta wuce haka kuma tana da nauyi da tauri, in ta daki wani abu ba za ta lanƙwashe ba, sai dai ta ja fenda. Mai zare a tsakiyarta ta fi ƙarko, irin wadda ake yankowa daga belet ɗin injinan masana'anta, in dai ka samu marar kauri sosai. Ka guji busasshiyar roba mai kama da filastik. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sannan hunturu ya zo ya busar da komai, irin wannan tsagewa take yi. Gwajin mai sauƙi ne: ninka gefenta biyu a gaban mai sayarwa. In wurin ya yi fari ko ya nuna tsaga, ajiye masa kayansa. Akwai kuma robobin da ake sayarwa a yanke, waɗanda aka ce suna shiga kowace mota. Suna yi, amma kusan kullum sai ka rage musu faɗi da tsawo, don haka aikin awo bai sauka daga kanka ba.

Sai abin riƙewa. Mafi kyau shi ne 'yan ƙarafan nan masu baki kamar harafin U, waɗanda ke cizon leɓen fenda ana matse su da noti, ba sai an yi huda ba. Biyu ko uku kowace taya. In ba ka samu a wurin masu kayan gyaran mota ba, maƙeri ko mai walda zai lanƙwasa maka su daga fallen ƙarfe mai kaurin milimita 2, a yi musu fenti kafin a sa. Noti da ƙusarsa su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu kaurin milimita 5 ko 6, da washa masu faɗi, kuma notin ya zama irin mai 'yar roba a cikinsa, wanda girgiza ba ta kwance shi. Ka haɗa da ɗan siririn fallen alminiyam mai faɗin santimita 2, da tsohon tub na babur ko na keke, wanda kowane mai faci zai ba ka.

Sauran kuwa kayan gida ne: kwali mai ƙwari, tef ɗin takarda irin na masu fenti, tef ɗin awo, alli, zare mai tsawon mita 2, wuƙa mai kaifi, sifana, jak, abin tokare mota, maganaɗisu, giris, da fentin hana tsatsa. Hudar roba kuma, maimakon injin huda da ke yayyaga ta, ka ari ƙarfen huda fata a wurin dukawa. A Sakkwato wannan ba abin wahalar samu ba ne, kuma bugu ɗaya yake fitar da rami zagayayye, mai tsabta, wanda ba ya tsagewa daga baya.

Wanki da dubawa

Ka fara da sanyin safiya, a inuwa, a kan daɓen siminti mai lebur. Ƙarfen motar da ta sha rana ba ya taɓuwa, kuma tef yana barin danƙo a kan fenti mai zafi. Ita robar ce kaɗai za ka shimfiɗa a rana na kamar minti 15, ta saki jiki ta miƙe.

Wanke cikin fenda sosai, musamman bayan leɓen nan da ya lanƙwashe ciki. Sa yatsa ka bi shi, za ka sha mamakin busasshen taɓon da zai zubo. Bari ya bushe. Daga nan ka naɗe maganaɗisu da ƙyalle ka bi gefen fendar da shi a hankali. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne lafiyayye. Inda ya yi sako-sako ko ya ƙi kamawa, an taɓa cike wurin da bodi fila, wato abin da masu gyaran bodi ke cike lotsawa da shi, kuma in ka matse ƙarfe a kan fila tsagewa zai yi. Ka matsa sama ko ƙasa zuwa inda ƙarfen yake da gaskiya. In ka tarar da tsatsa ta riga ta ci leɓen yana ɓarɓashi, dakata da maganar roba, kai wa mai gyaran bodi tukuna. Rufe tsatsa da roba ƙara mata abinci ne.

Kana cikin dubawar nan, ka nemi sukurori da ramukan da kamfani ya bari. Sau da yawa akwai noti a ƙasan fendar gaba inda ta haɗu da ƙarfen ƙasan ƙofa, ko sukurun da ke riƙe da wata roba ko adon ƙarfe. Kowane ɗaya da ka samu ya raba ka da huda ɗaya.

Awo da kwali, inda aikin yake

Kada ka taɓa yanka roba kafin ka yanka kwali. Kuma kada ka yi awo mota tana kan jak, domin da zarar an ɗaga ta taya takan sauko ƙasa, awon ya zama na ƙarya. Motar ta tsaya a kan ƙafafunta huɗu, iskar taya daidai, kuma da nauyi a cikinta kamar yadda kake tafiya da ita. Ni nakan sa yara biyu manya su zauna a ciki. In ba kowa, shimfiɗa tabarma a kujeru ka ɗora buhun siminti ɗaya ɗaya, kowane kilo 50 ne, ya kusa isa.

Juya sitiyari har ƙarshe domin bayan tayar gaba ya buɗe. Liƙa tef ɗin takarda a gefen fenda don kada ka karce fenti. Yanzu ɗora kwali a jikin leɓen daga ciki, ka zana lanƙwasar fendar a kansa daga waje, ka yanke, ka sake gwadawa. Za ka yanke sau uku ko huɗu kafin ya zauna. Ba ɓata lokaci ba ne, kwali ba shi da tsada. In ya zauna, ka manne shi da tef, ka miƙar da sitiyari, sannan ka auna abu uku.

Na farko faɗi. Je bayan motar ka tsuguna, ka hango layin gefen taya. Kwalin ya rufe zanen taya, ya leƙo waje da santimita 1 zuwa 2. Gefen waje ne mai muhimmanci, domin tsakuwar da ke cin ƙofa daga kafaɗar taya take tashi. Daga ciki ba sai ya rufe tayar duka ba.

Na biyu tazara daga ƙasa. Ga mota gajera irin wannan, bar santimita 8 zuwa 10 tsakanin bakin kwali da daɓe, da mutane a ciki. Dalilin kada a sauko da ita fiye da haka ba gogar ƙasa kaɗai ba ne. Hatsarin yana wajen ribas: in kana ja da baya ka hau dakalin gefen titi ko tudun rage gudu, doguwar roba takan shiga tsakanin taya da dakalin, tayar ta take ta, ta fizgo ta ƙasa da dukkan nauyin motar. In an yi sa'a robar ce za ta yage. In ba a yi ba, leɓen fenda ne zai biyo ta. Wanda gidansa ke da gangara mai tsini a bakin get, ya tsaya a 10.

Na uku tazara daga taya. Aƙalla santimita 3 a ko'ina, har da lokacin da aka juya sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu. Sa wani ya riƙa juyawa kana kallo. Kan ƙusa ma yana cikin lissafi, domin shi ne ya fi kusa da taya.

Sai gwajin zare, wanda shi ne ya buɗe mini ido a kan abin da roba za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Danne bakin zaren a ƙasa, daidai inda bayan taya ke rabuwa da daɓe, ta gefen waje. Ja shi baya ya gogi bakin kwalin na ƙasa, ka ci gaba da miƙar da shi a kan wannan layi har gefen motar. Duk abin da ke saman zaren yana cikin inuwar robar, tsakuwa ba za ta same shi kai tsaye ba. Abin da ke ƙasan zaren a buɗe yake. Za ka ga zaren yana hawa sama yayin da yake yin baya, wato gaban ƙofa ya tsira, amma can kusa da tayar baya akwai wurin da ya rage a fili. Ƙara tsawon kwali da santimita 1 ka sake ja, za ka ga inuwar ta ƙaru sosai. A nan ne za ka zaɓi tsakanin kariya da tsoron dakali, kuma hanyoyin da kake bi su ne za su yanke maka hukunci. Wurin da ya rage a fili, gaban fendar baya, maganinsa 'yar leda mai kauri marar launi da ake mannawa a kan fenti. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Porsche ma baƙin faci yake mannawa a daidai wannan wuri a jikin 911 Turbo tun shekarun 1970. Sai dai ka sayi mai kyau, domin mai arha rawaya take yi a ranarmu, kuma in an sake wa motar fenti kwanan nan, ka ba shi aƙalla wata guda ya bushe har ciki kafin ka manna masa komai.

In kwalin gefe ɗaya ya yi daidai, juya shi ka gwada a ɗaya gefen. Kada ka ɗauka dole ya zauna. Motar da ta haura shekara 40 da wuya gefenta biyu su zama ɗaya, wataƙila an taɓa buga ɗaya an gyara. In bai zauna ba, yi wa wancan gefen nasa kwalin, amma tazarar ƙasa ta zama ɗaya.

Yanka da huda roba

Ɗora kwalin a kan roba, zana da alli. Shimfiɗa ta a kan katako, ka bi layin da wuƙa sau uku ko huɗu a hankali maimakon ka nemi yanke ta a ja ɗaya. Ɗan ruwan sabulu a bakin wuƙa yana sa ta sulɓi. Kusurwoyin ƙasa ka zagaye su, faɗin bakin kofin shayi ya isa ma'auni, domin kusurwa mai tsini ita ke fara kamun abu kuma ita ke sa aikin ya yi kama da na gaggawa. Goge bakin da takardar yashi.

Ramuka kuma kada su matso bakin roba fiye da santimita ɗaya da rabi. Ramin sama ka yi shi daidai da kaurin ƙusa. Na ƙasa ka ɗan tsawaita su gefe da gefe, ta hanyar huda biyu manne da juna, don ka samu damar gyara tsayuwar robar in ka zo ɗaurawa.

Ɗaurawa

Ƙa'idar a nan ita ce ƙarfe kada ya taɓa fenti, roba ma kada ta goge shi. Yanka tub ƙanana ƙanana, ka naɗa ɗaya a leɓen fenda a duk inda ƙarfen riƙewa zai ciza. Kafin ka naɗa, shafa giris kaɗan a bayan leɓen. In akwai inda robar za ta kwanta a kan fentin waje, manna ledar nan marar launi a wurin tukuna. Dalili shi ne ƙurar hunturu tana shiga tsakanin roba da fenti, mota tana girgiza, su biyun su zama takardar yashi. Na ga motar da aka cire wa roba aka tarar da siffarta a zane a jikin fenda, fenti ya dushe har ya kusa kai ƙarfe.

Sa ƙarafan riƙewa a wurarensu, ka matse su da yatsa kawai. Ɗora robar, sa fallen alminiyam a fuskarta ta ɓangaren taya ya bi layin ramukan, domin ya raba nauyin ɗaurin, kada noti ya nutse cikin roba ya yaga ta. Kan ƙusa ya kasance ta ɓangaren taya, tsinin da noti su koma baya. Fara da na sama, robar ta rataya a kansa.

Yanzu ka tashi ka ja baya kamar taku goma, ka tsuguna ka duba. Bakin robar na ƙasa ya yi daidai da daɓe, ba ya kallon sama ta gefe guda. Auna kusurwar ciki da ta waje daga ƙasa, su zo ɗaya. Ido yana ganin karkatar rabin santimita daga nesa, musamman in an sa na gefe biyu. In ta tsaya, matse sauran, kaɗan kaɗan, kana zagayawa. Ka tsaya da zarar roba ta fara ɗan kumburowa a gefen washa. Wuce nan murƙushe ta ne, kuma matsi mai yawa a kan leɓen fenda yana fasa fenti ko da akwai tub.

In babu makawa sai an huda

Wani lokaci kusurwar ciki ba ta da abin kamawa, robar tana lilo. To, a huda, amma a cikin fenda inda ido ba ya gani, ba a leɓen waje ba, kuma rami ɗaya ya isa. Leƙa bayan wurin da tocila, ka sa hannu ka laluba: babu waya, babu bututun birki, babu na mai. Liƙa tef a wurin, yi alama, fara da bakin huda na milimita 3, sannan na 6. Naɗa tef a jikin bakin hudar, ka bar santimita 1 kacal a waje, don kada ya zarce ya sami abin da ke baya. Kankare gefen ramin ya yi sumul. Garin ƙarfen da ya zubo ka kwashe shi da maganaɗisu nan take, domin in ya kwana a kan fenti ya sha raɓa, ɗigon tsatsa zai bari. Shafa fentin hana tsatsa a bakin ramin ciki da waje, bari ya bushe, ƙara shafa na biyu, sannan giris, sannan ƙusa mai noti da washa gaba da baya. A ranarmu jiran bai fi awa ɗaya ko biyu ba. Wannan jiran shi ne abin da aka ƙi yi wa motar Kawu.

Na baya

Awon duk ɗaya ne, kuma shi ma a ƙasa ake yin sa kafin a ɗaga mota. Bambancin shi ne tayar baya ba ta juyawa gefe, don haka sai an cire ta hannu zai shiga. Ja birkin hannu, sa giya, tokare tayoyin gaba da dutse ko katako gaba da baya. Sassauta notin taya tun tana ƙasa. Tsofaffin Marsandi suna da ramin jak a ƙarfen ƙasan ƙofa, kuma wurin yana cikin inda tsatsa ke fara ci, saboda haka ka duba lafiyarsa kafin ka ɗora masa nauyi. Da ta tashi, sa abin tokarewa a ƙarƙashi. Kada ka sa kai ko kafaɗa a cikin fenda mota tana kan jak kaɗai, kuma kada ka kafa jak a kan rairayi. In tsakar gidan yashi ne, fitar da ita inda ke da daɓe.

Ka lura da salansa: bar aƙalla santimita 5 tsakaninta da roba, in ya kama ka yanke kusurwar ciki. Ka tuna kuma bayan mota ya fi gaba nutsewa in an zuba kaya a but ko an cika tanki, don haka ta baya ta fi son santimita 10 cif. Wajen mayar da taya, Marsandin wancan zamani ƙusoshi biyar gare ta masu shiga cikin cibiyar taya, sifana mai lamba 17 ke kama su. Fara ɗaura su da hannu don kada zaren ya hau a karkace, matse su a tsallake ba a jere ba, sannan ka ƙarasa bayan ta sauka ƙasa. In kana da sifana mai ma'aunin ƙarfin matsi, 110 Nm ne ƙa'idarsu.

Gwaji a hanya

Goga alli a fuskar kowace roba ta ɓangaren taya, har da kan ƙusoshi. Fita da motar, da mutum ɗaya a gefenka. Juya sitiyari ƙarshe ka yi zagaye dama, ka yi hagu, gaba da ribas. Hau tudun rage gudu a hankali, ka sauke gilashi kana saurare. Shiga get ɗin gidanka da baya, wani yana tsugune yana kallo. Sannan ka hau buɗaɗɗiyar hanya, kamar ta Bodinga, ka ɗan taka ta yadda iska za ta daki robar. In ka dawo, duba allin. Inda ya goge, taya ta taɓa wurin, sai ka rage robar ko ka matsar da ƙarfen riƙewa. In bakin ƙasa ne ya nuna alamar gogar kwalta, rage santimita 1 a gefen biyu, ba gefe ɗaya ba.

Bayan mako guda ka sake bin notocin da sifana, domin roba takan kwanta ta saki ɗauri. Duk wankin mota, ka ce wa yaron ya ɗaga robar ya watsa ruwa a bayanta, musamman lungun da ta haɗu da fenda, don nan taɓo ke taruwa yanzu. Ni kuma a watan Oktoba, in ruwa ya ɗauke, nakan kwance su duka huɗun, in wanke leɓen fenda, in duba ƙarƙashin kowane ɗan tub, in canja wanda ya bushe, in sabunta giris, in mayar. Na gaba kan ɗauke ni minti 20 kowanne, na baya sun fi haka saboda cire taya.